Shekarar da Baba Ya Yanke wa Littattafaina Kai da Wutsiya

Falmata, Abba, da ke Hauwa, na san abin da gwaggonninku suke faɗa muku idan ba na gida. Wai ubanku ba shi da kan karatu, wai makaranta ce ta tofar da shi a aji uku. Rabin maganar gaskiya ne, ta tofar da ni ɗin. Ɗaya rabin ƙarya ne, kuma shi ya sa na zauna nake wannan rubutu da hannun da ya fi sabawa da igiya da buhu. In kun ga kuskure ku gyara a ranku ku wuce, ba don a yaba mini nake yi ba.

Kakanku Malam Modu, wanda Abba ya ci sunansa, daga Barno aka zo da shi yana yaro, amma a Fagge ya yi gemu, a Fagge gemun ya yi fari. Wankin hula ne sana'arsa. A zauren gidanmu yake aiki, huluna jere a rana kamar kawunan mutane a sallar Juma'a. In ya gama da la'asar sai ya wanke hannu, ya jawo littattafansa na fiƙihu, ya yi ta bi har a kira magariba. Larabci yana karanta shi kamar ruwa. Boko kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba. Duk da haka shi ne ya kafe sai na yi makaranta, kuma ya kafe ne a gaban mutumin da ba ya iya yi wa musu, wato yayansa Baffa Kyari, shugaban 'yan dako a tashar jirgin ƙasa. Baffa Kyari shi ya riƙe Baba bayan rasuwar iyayensu, don haka maganarsa a gidanmu ba shawara ba ce, hukunci ce. Ina shirin shiga aji uku na sakandare ya zo ya zauna a zaure, ya dube ni sama da ƙasa kamar mai taya rago.

"Modu, yaron nan ya zama ƙato. Kafaɗar nan ta isa ɗaukar huhun goro. Ba ni shi."

"Yaya, a bar shi ya yi jarrabawar aji uku tukuna."

"In ya faɗi fa?"

"In ya faɗi naka ne. Ni da ƙafata zan kawo maka shi."

"To, bakinka ne ya faɗa, ba nawa ba."

Haka aka yi cinikin rayuwata ina tsaye riƙe da butar alwala. In na ci in wuce babbar sakandare, in na faɗi sai tasha.

Baba ya ɗauki abin da zafi. A ajinmu yawancin yara ba su da littafi ko ɗaya, abin da malami ya rubuta a allo shi ake kwafa, shi ke nan karatu. Baba ya ce ɗansa ba zai je yaƙi hannu rabbana ba. Ya ja ni kasuwar Sabon Gari wajen Alhaji Rasaki, wani Bayarabe mai sayar da tsofaffin littattafai. A Fagge aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Baba fita, kuma hulunansa duk Baba ke wanke su, don haka akwai wasa a tsakaninsu. Ya zaɓo mini na lissafi, na kimiyya, na sanin ƙasa da na Turanci. Sun sha hannu, amma lafiyarsu lau, ba shafin da ya ɓata. Muna shirin tafiya ya ɗaga na lissafin yana dariya.

"Malam Modu, sai ka sa ido fa. Wannan amsoshinsa suna baya. Malalatan yara can suke fara buɗewa, su kwafe, su ce sun iya."

Wasa ya yi. Na rantse wasa ya yi. Amma Baba bai yi dariya ba.

Washegari da hantsi ya kira ni zaure. Ya jera littattafan a kan buzu, ga rezarsa a gefe, wadda yake datse zaren hula da ita. Ya ɗauki na lissafin ya buɗe shi ta dama, yadda yake buɗe nasa, sai ga lambobi jere reras.

"Bukar, ina ne bayan littafin nan?"

"Nan inda ka buɗe, Baba."

"Nan ai gaba ne."

"A boko nan ne baya."

Ya yi tsaki, ya juya ɗaya gefen. Can ma ya tarar da shafi mai layuka, kowane layi magana ce, a ƙarshenta lamba. Ya bi su da yatsa a hankali, yana gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Ka gani? Magana, lamba. Magana, lamba. Tambaya ga amsarta. Raba su suka yi gida biyu don su ruɗi iyaye. To ni ban san wanne ne gabansu wanne ne bayansu ba, in cire duka biyun in huta."

Ya sa reza. Ya gama da na lissafi ya ɗauki na kimiyya, ya duba gefe da gefe, ya ga irin layukan nan, ya ce ai hukuncin ɗaya ne, abin da ya haramta a wancan ya haramta a wannan. Innarmu ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu.

"Malam, littafin da ko fara shi ba a yi ba ake yi wa aski?"

"Ilimin da aka leƙo ba ya zama a ƙirji. Koma ga tukunyarki."

Za ku ce me ya hana ni magana. Na farko, a zamaninmu ɗa ba ya ce wa ubansa ajiye reza. Na biyu, wanda ya fi ciwo, ni ma ban san mene ne shafukan nan ba. Na yi firamare na gama, na yi aji biyu a sakandare, ba a taɓa samun malami ɗaya da ya ɗaga littafi sama ya ce yara, ga kansa, ga cikinsa, ga wutsiyarsa, ga amfanin kowanne ba. Ko ɗaya. Sun iya bulala, sun iya aiken mutum sayen ƙosai, amma wannan ba su ga ya kai a faɗa ba. Saboda haka da Baba ya ce satar amsa ce, na yarda. Har daɗi na ji, na ga ni nawa karatun na halak ne. Ya samo takardar buhun siminti ya yi wa kowane littafi bango, ya ɗinke da zaren hula, ɗinki mai kyau wanda har yau ban ga irinsa ba. Ya tofa musu addu'a ya miƙo mini.

Daga nan muka shiga hadda, don Baba hanya ɗaya ya sani ta karatu: a fara daga farko, a haddace, a wuce gaba, ba tsallake. Kullum bayan la'asar ya ajiye nasa littafin ya ce in kawo nawa. Ina zuba Turanci yana saurare ido a rufe. Bai san me nake cewa ba, amma da na yi tuntuɓe zai buɗe ido.

"Koma. A nan ka ci wani abu."

Kuma in na duba sai in ga na ci ɗin. Kunnensa ya san inda magana ta karye ko da bai san yaren ba. Wani lokaci Inna ta kawo mana kunu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu, ta ce oh, yau ga Bature a zauren Malam. Baba ya ɓoye murmushi a cikin gemu. Ina gaya muku, duk rayuwata ban ƙara samun lokacin da na ji ni mutum ne kamar wannan ba. Abin da ban sani ba shi ne, ina ta loda kaya ne a ɗaki mai duhu. Kalmomi sun cika mini kai, ban san ma'anar rabinsu ba. Akwai wata a littafin kimiyya, kondenseshan, an rubuta ta da baƙin rubutu mai kauri, ta yi ta dawowa shafi bayan shafi. Na iya furta ta, na iya rubuta ta, na haddace duk jimlar da ta fito a ciki, amma da za a sa mini wuƙa a wuya ba zan iya cewa dabba ce ko dutse ba. Ran nan na yi ƙarfin hali na bi malamin kimiyya bayan an tashi na tambaye shi. Ko tsayawa bai yi ba.

"Kai ba kana da littafi ba? Je ka duba baya."

Na duba baya, takardar siminti ce. Da na ba Baba labari sai ya girgiza kai.

"Ka ji ko? Har malaman ma. Allah ya kyauta."

Da jarrabawa ta matso malamai suka rubuta mana kanun darussan da za mu maimaita. Akwai yara ƙalilan masu littafi irin nawa, cikakke. Ina kallonsu su buɗe gaba, su ɗora yatsa, su juya sau ɗaya, sai ga su a kan darasin. Ni kuwa in raina su a raina, in ce ɓarayin amsa. Ni in ina neman abu sai in fara daga shafin farko in yi ta juyawa, wani lokaci in wuce shi ban gane ba, in sake dawowa. Rana ta tafi a nema, ba a karatu ba. Haddata kuma ba ta kai ƙarshen kowane littafi ba, don ban ma san yawan abin da ke gabana ba, kamar mai tafiya a dajin da bai san iyakarsa ba. Ranar jarrabawa tambayoyi suka zo daga ko'ina, har da can ƙarshen da ban kai ba. Waɗanda suka zo daga inda na haddace kuwa, cewa aka yi ka bayyana, ka kawo misali. Ni kuma duk inda na ga kalmar da na sani sai in juye duk sakin layin da take ciki, in cika takarda. Na fito ina ganin na yi abin kirki.

Na faɗi. Lissafi kaɗai na tsallake, shi ma da ƙyar.

Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba. Da ma ya yi. Ya ce haka Allah ya rubuta, ya shiga ɗaki. Bayan kwana biyu ya tattara littattafan ya ce in ɗauko, mu mayar wa Alhaji Rasaki ko wani yaron zai amfana. Muka same shi a rumfarsa yana cin gyaɗa. Ya karɓi na kimiyya, ya yaba ɗinkin, ya buɗe gaba, ya buɗe baya, sai ya daina tauna.

"Malam Modu, wa ya yi wa littafin nan kaciya?"

"Ni ne. Amsoshin na cire, kamar yadda ka ce."

"Ni? Na lissafi na ce maka! Shi ma 'yan shafuka ne a can ƙarshe. Wannan wace amsa ce a cikinsa?"

Ya miƙa hannu ya zaro irinsa cikakke, ya matso kusa da Baba a kan benci. Ya buɗe baya ya ce wannan jerin ma'anar kalmomi ne, duk kalmar da aka rubuta da kauri a ciki an fassara ta a nan da sauƙin Turanci. Wannan na bayansa kuma kalma ce da lambar shafin da take, in kana neman abu ba sai ka bi littafi duka ba. Ya juyo gare ni ya ce in faɗi kalma ɗaya da ta gagare ni. Na ce kondenseshan. Ya bi da yatsa, nan take ya same ta, ya karanta layi ɗaya tak. Wallahi kafin ya fassara na gane. Tururi ne in ya taɓa abu mai sanyi ya koma ruwa.

"Zufar murfin tukunya ce, ɗana," in ji shi. "Innarka tana ganinta kullum."

Shekara guda ina ɗauke da kalmar nan a kai kamar dutse, ashe tana tsakar gidanmu. Baba kuwa har yanzu bai sallama ba, ya ce to na gaban fa, mai magana da lamba? Alhaji Rasaki ya yi ɗan karatun Larabci a ƙuruciyarsa, sai ya bi da shi ta hanyar da zai gane.

"Malam, in mutum ya zo zaurenka ya ce ya manta raka'a, yana son hukuncin ƙabli da ba'adi, daga bismilla kake fara karanta littafin har ka iso?"

"A'a. Fihirisa nake dubawa, ta nuna mini babin."

"To ita ka yanke."

Baba ya karɓi littafin. Ya riƙe shi yadda yake riƙe nasa, ya buɗe ta hagu, inda fihirisar littattafansa take zama. Ga ta nan, a daidai wurin. Magana, lamba. Magana, lamba. Abin da yake buɗewa kullum na Allah a zaurensa, abin da ba zai iya rabuwa da shi ba ko na yini ɗaya. Rubutun ne kawai ba nasa ba, shi ya sa bai gane fuskarta ba. Ya bi layukan da yatsa. Ya ce, a hankali, ba da kowa yake ba:

"Fihirisa ce."

Alhaji Rasaki ya ga abin ya wuce wasa, ya fara cewa ai ba komai, Malam, kuskure ne, laifina ne da ban yi bayani ba. Baba ya miƙe bai yi masa sallama ba, abin da bai taɓa yi wa ko yaro ba. Muka ratso kasuwa yana gaba ina baya, masu tura kura suna yi masa ihu ya kauce, bai ji ba. Muna shiga gida ya wuce tsakar gida kai tsaye.

"Takardun nan da na cire, suna ina?"

"Waɗanne? Na bara? Malam, kai ka ba ni ka ce in ƙulla ƙuli-ƙuli. Ai tuni yaran unguwa suka watsar."

Ya tsaya yana kallon ƙasa kamar zai ga ɗaya a wurin.

Bai haƙura nan take ba, wannan ku sani. Ya sa babbar rigarsa ta sallar Idi, ya ja ni makaranta, ya zauna a bakin ofishin shugaba tun safe har aka ga dama aka kira shi. Ya cire girman kai ya faɗi duk abin da ya faru, ya ce a bar yaro ya maimaita aji. Shugaban ya saurara yana danne dariya, ya ce labari ne mai ban tausayi, amma yara sun fi benci yawa, masu tasowa ma ba su da wurin zama balle wanda ya faɗi. Da muka fito na ji shi yana kiran wani malami, zo ka ji wata sabuwa. Baba ma ya ji. Inna ta ce a nemi wata makarantar, a roƙi Baffa Kyari ya ƙara shekara ɗaya. Baba ya je, ya dawo, ya ce Yaya ya ce magana ɗaya ake yi da namiji. Ni kuma na san ko da Baffa bai ce haka ba, mutumin da ya yanke littafi don kada ɗansa ya ci abin da ba nasa ba, ba zai ci alkawarin da ya yi da bakinsa ba. Halin da ya sa ya yi na farko shi ya hana shi warware na biyu. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa wannan abu, in tsane shi in huta. Malaman nan na tsane su, har yau. Baba kuwa na gwada na kasa, kuma rashin iyawar ya fi tsanar nauyi.

Ranar da ya kai ni tasha jirgin kudu ya iso da goro. Ko'ina hayaniya, 'yan dako suna ta sauke huhuna daga tarago, Baffa Kyari yana tsaye a kan dakali da sanda yana nuna wa kowa inda zai ajiye. Ya hango mu ya washe baki.

"A'a, Modu! Ka kawo mini Baturen naka? Na ce maka wannan kan na gammo ne, ba na biro ba."

Yaransa suka fashe da dariya. Baba bai taɓa ɗaga murya a gaban yayansa ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma kowa ya ji shi.

"Yaya, na kawo shi kamar yadda na ce. Amma a sani, ba shi ya faɗi ba."

"To wa ya faɗi?"

"Ni."

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauka wani sabon wasa ne. Ya nuna wani huhu da sandarsa.

"To madalla. Wanda ya faɗi ai shi ke ɗauka. Kai za ka ɗauka ko shi?"

Baba ya tattare hannun rigarsa. Tsoho mai farin gemu, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi tulin huluna nauyi ba, ya sunkuya ya kama igiyar huhun da hannu biyu ya ja. Huhun bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, hularsa ta faɗi ƙasa. Dariya ta ɗauke ɗif. Baffa ya sauke sandarsa.

Na tsinci hular na kaɗe ta na miƙa masa. Na ce, Baba, matsa. Na durƙusa, wasu biyu suka ɗora mini huhun a ka, na miƙe.